Baƙin Dutsen Sada

Sada ya durƙusa gaban akwatin ƙarfen yana fiddo duwatsun ɗaya bayan ɗaya, yana warware tsumman kowanne yana ajiye shi kan tabarma. Sauri yake yi, amma ko a hakan bai yarda wani ya bugi wani ba. Ga jan nan na ƙoramar Wurma. Ga fararen da ya tsinto a bakin dam ɗin Zobe shekarar da ruwa ya ja baya sosai. Ga ɗan kantin nan mai fuska biyu da wani malamin makarantarsu ya kawo masa tsaraba daga Kano, wanda don kara kawai yake ajiye da shi. Da akwatin ya zama wayam sai ya kife shi ya bubbuga gindinsa, tsatsa da ƙasa suka zubo. Kowane dutse yana nan, baƙin ne kaɗai babu.

"Batula!"

Matarsa tana bakin murhu tana dama koko. Ta amsa ba tare da ta waiwayo ba, shi kuwa daga rashin waiwayen nan ya san akwai magana.

"Wa ya buɗe mani akwati?"

"Wane akwati kuma, Baban Basma?"

"Akwati nawa gare ni a gidan ga? Ina baƙin dutsena?"

To, wanda bai san Sada ba zai ce wane irin magidanci ne wannan da zai ta da jijiyar wuya da sassafe a kan dutse, kuma a Dutsin-Ma, inda duk wurin da ka jefa ƙafa dutse za ka taka. Sada kuku ne a wata makarantar kwana. Tun yana saurayi yake yankan albasa da nama da alayyahu na yara masu yawan gaske, kuma duk wanda ya taɓa wuni yana wannan aiki da dakusasshiyar wuƙa ya san yadda kafaɗa take kwana. Wasu maza tattabaru suke tarawa, wasu huluna, shi kuwa duwatsun washi. Da ya ji an ce ƙorama kaza ta ƙafe, sai ya hau kekensa ya je ya yi ta tonon yashi, yana tofa wa dutse yawu yana murzawa da babban yatsa, masu wucewa suna yi masa addu'ar Allah ya ba shi lafiya.

Kowane dutse da aikinsa. Mai kaushi shi ke cinye giɓi idan wani sakarai ya sari ƙashi da wuƙar albasa. Matsakaici ya daidaita bakin. Sannan a zo kan baƙin. A rafin Tamawa, ƙauyensu, ya tsince shi tun kafin ya yi aure, bai fi tafin hannu da 'yan yatsu ba, ga sulɓi kamar sabulu a ruwa. A yayyafa masa ruwa, a kwantar da wuƙa, a ja ta a hankali har ruwan ya koma toka-toka. Wuƙar da ta tashi daga kansa nunannen tumatir take ratsawa ko ɗigon ruwa bai fita ba. Ba ya ba da aronsa. Ko ɗiyarsa Basma, wadda ya fi so duk duniya, ba ta taɓa riƙe shi ba sai yana tsaye a kanta.

Batula ta sauke ludayi, ta goge hannu a zani.

"Shekaranjiya da kana wurin aiki Yahanasu ta zo."

Yahanasu matar wansa Lado ce. Lado kuwa yana kwance a asibiti a Kurfi, hawan jini ya kayar da shi a gona ana tsakiyar yankan gero, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Tun ranar da abin ya faru Sada ya ji labari. Bai je ba.

"Ta ce ba ya iya tashi alwala," in ji Batula, "ga allurar ƙarin ruwa a hannu, an hana ruwa ya taɓa wurin. Dutse mai santsi suke so na taimama."

"Taimama!" Sada ya miƙe tsaye. "Duwatsun ƙasar Kurfi ƙarewa suka yi? Sai an hawo mota an zo har cikin gidana an buɗe mani akwati?"

"Yayanka ne fa. Salla ce fa zai yi."

"Kar ki kawo mani salla cikin maganar ga! Sata aka yi mani, kuma da hannunki aka yi ta."

Ai kuwa sai Batula ta juyo gaba ɗaya. Mace ce mai haƙuri, amma irin masu haƙurin da in suka tashi sai a gwammace masu faɗan kullum.

"Ni ce ɓarauniyar? To na gode. Tun da na shigo gidan ga nake share ƙarƙashin akwatin nan, ban taɓa ɗaga murfinsa ba. Mutum na kwance rai a hannun Allah, ciki ɗaya kuka fito, ka kasa taka ƙafa ka je ka ce sannu. Duk gidan sunan da na shiga sai an tambaye ni ya mai jiki, in rasa inda zan sa fuskata. Na ce tun da kai ba ka zuwa, bari dutsenka ya je a madadinka."

Maganar ta shige shi, kuma don ta shige shi ɗin ne ransa ya ƙara ɓaci. Batula ta san dalilinsa sarai. Tana wurin aka yi.

Bara waccan ne, ranar sunan jikan Lado a Tamawa. Sada ya yi sammako ya je don ya taimaka da aikin naman rago, ya zauna a gindin bishiyar bedi a ƙofar gida da wuƙaƙensa da baƙin dutsen da ɗan kwanon ruwa. Sai ga Lado ya fito cikin babbar riga tare da surukansa 'yan birnin Katsina. Ɗaya daga cikinsu ya tambaya ko wannan mahaucin da aka ɗauko ne. Lado ya kwashe da dariya ya ce, "A'a, ƙanwata ce, Sada. Inna ba ta samu ɗiya mace ba, sai aka ba ta wannan ya riƙa kama mata girki." Aka yi dariya, har da yaran da Sada ya goya. Lado bai tsaya nan ba, ya sa ƙafa ya ture dutsen ya faɗa cikin kwatar da aka wanke hanji, ya ce a kawar da tarkacen mata daga hanya, baƙi za su wuce. Sada ya tsamo dutsensa, ya wanke shi, ya naɗe wuƙaƙensa ya kama hanya ko ruwan gidan bai sha ba. Tun daga ranar bai sake taka Tamawa ba, Lado kuma bai taɓa buɗe baki ya ce yi haƙuri ba.

Dutsen da ya tura cikin kwata da ƙafa, yau shi ne zai shafa a fuska? Wallahi ba a yi shi ba.

Sada ya sunkuya kan tabarma yana duba duwatsun. Ga farare masu laushi da za su yi wa marar lafiya daidai, ya tsallake su. Ya ɗauki jan nan na Wurma, wanda ya fi kowanne kaushi, wanda gefensa guda ya taɓa ɓallewa ya bar baki mai kaifi. Ya jefa shi cikin jaka. Mugunta ce, ba ta da wani suna, kuma shi ma ya sani.

"Ina za ka ba ka karya ba?" in ji Batula.

"Musanya zan kai."

A tasha motar Audi ce ke kan layi. Audi ya san shi, ya san Lado, ya san kowa a hanyar nan har da awakinsu.

"A'a, Kuku! Kurfi? Ai gara da ka yunƙura. Jiya na kai wasu dubiya, sun ce jikin sai addu'a."

"Ba dubiya za ni ba."

"To mi za ka yi a Kurfi yau ba kasuwa ba?"

"Ka tuƙa motarka, Audi."

Aka cusa shi a baya tsakanin wani mai buhun busasshen kifi da wata tsohuwa mai kaza a cinya. Mota ta ɗauki hanya. Dama da hagu an yanke gero an jingine, mata na bin gonaki suna kala, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran nata lokacin. Sada bai ga ko ɗaya ba. Magana yake shiryawa. Zai shiga, ba zai yi sannu ba, zai ce, "Lado, tarkacen mata na zo ɗauka." A'a, zai yi sallama dai, don sallama ba ta Lado ba ce. Sannan ya ce, "Ashe kwata ba ta hana dutse tsarki ba?" Wannan ta fi. Ya maimaita ta a ransa har leɓensa na motsi, tsohuwar nan ta ɗauka tasbihi yake yi, ta ce ya sa ta a ciki.

A shingen da ke kan hanya jami'an tsaro suka tsayar da su, aka ce kowa ya buɗe kayansa. Wani matashin jami'i ya sa hannu a jakar Sada ya fiddo jan dutsen, ya juya shi, ya auna nauyinsa.

"Baba, mene ne wannan?"

"Dutse."

"Na gani. Na mene ne?"

"Na dubiya," in ji Audi daga gaba, tun kafin Sada ya buɗe baki. "Wasu lemo suke kaiwa, shi Kuku dutse."

Mota ta ɗauki dariya, har jami'in. Sada ya karɓe dutsensa ya yi kicin-kicin da fuska. Dariya dai, dariya dai. Duk inda ya sa ƙafa sai an samu abin dariya a jikinsa, kuma wanda ya fara koya wa mutane hakan shi ne wanda ke kwance a Kurfi.

Rana ta take sosai lokacin da ya shiga asibitin. Masu jinya sun baje tabarmi a inuwar bishiyoyi, ga kwanuka, ga butoci, ga wanki a kan waya. Yahanasu ce ta fara hango shi, tana ɗauraye kofuna a bakin famfo. Ta saki kofin ta taso da sauri, ta rame har mayafinta ya yi mata yawa.

"Sada! Lale, lale. Kai ne? Alhamdu lillahi. Ya hanya, ya su Batula?"

"Lafiya. Ina dutsena?"

Murmushin ya tsaya mata a fuska. Ta dube shi, ta dubi jakar, sannan ta juya ta shige gaba. Ya bi ta cikin ɗakin maza, warin magani da na fitsari suka tare shi. Gadaje a jere, fanka ɗaya na juyawa a kasalance. Ta tsaya a gadon da ke jikin taga.

Da ba ta tsaya ba, da Sada ya wuce. Lado mutum ne ƙaƙƙarfa, mai wuya kamar turmi, wanda in ya yi gyaran murya a zaure ake ji a bayan gida. Wanda ke kan gadon nan kuwa wani ɗan tsoho ne da furfura ta cika wa haɓa, bakinsa ya karkace, hannunsa na dama yana ajiye a gefensa kamar ba nasa ba. Maganar da Sada ya yi ta shiryawa a hanya ta bi iska. Tausayi ya taso masa, har ya buɗe baki zai ce sannu, Yaya.

Lado ya juyo da ido ɗaya mai rai, ya kafe shi da shi. Leɓensa ya yi ta kokawa kafin magana ta fito.

"Kuku," ya ce. "An... sauke... tukunya?"

Shi ke nan! Tausayin da ya taso ya koma inda ya fito. Kai jama'a, mutum rabinsa ya riga ya tafi, amma rabin da ya rage bai fasa hali ba.

"An sauke," in ji Sada. "Ƙanwarka ta zo ɗaukar tarkacenta."

Dutsen yana kan 'yar durowar gefen gado, tsakanin filas da carbi. Sada ya kai hannu ya ɗauka, yatsunsa suka gaya masa tun kafin idonsa ya gani. Ya matsa jikin taga ya karkata shi ga haske. Fuskar dutsen ta yi dabbare-dabbare, tana wani ƙyalli da ba nata ba. Ya kai hanci.

"Man zafi! Mai kuka sa mashi?"

"Hannun nake shafa wa," in ji Yahanasu a sanyaye. "Likita ya ce a riƙa murzawa. Ina gogewa kafin salla, sai dai ko ɗan abin da ya rage."

"Ɗan abin da ya rage! Kin san abin da mai ke yi wa dutsen ruwa? Toshe shi yake yi! Shiga yake ya zauna, wuƙa ta riƙa zamewa kamar a kan tangaran. Shekara da shekaru ko da hannun miya ban taɓa ɗaukarsa ba, ku cikin kwana biyu kun kashe mani shi!"

Muryarsa ta cika ɗakin. Wani mai ƙafa a naɗe ya ɗago kai, wata nas ta leƙo ta ce don Allah Malam a rage murya, nan asibiti ne. Sada ya zura baƙin dutsen a aljihun rigarsa, ya buɗe jaka ya fiddo jan, ya dangwarar da shi kan durowar har filas ya yi tsalle.

"Ga shi nan. Dutse dai dutse ne, ko ba haka kuke cewa ba?"

Daidai nan ladanin masallacin asibiti ya kira azahar. Da Sada ya juya ya fita a lokacin, da ya isa Dutsin-Ma da dutsensa da fushinsa cikakku. Amma bai fita ba. So yake ya ga fuskar Lado idan tafinsa ya sauka kan kaushin nan. So yake ya ji ya yi ƙorafi, don ya samu bakin ba shi amsa. Ya jingina da bango ya harɗe hannuwa.

Yahanasu ba ta yi musu ba, gajiya ta fi ƙarfin musu. Ta tallafo mijinta ta jingina shi da filo, ta goge masa hannuwa da tsumma, ta ɗora jan dutsen a kan cinyarsa. Lado ya dubi dutsen, ya dubi ƙaninsa. Ya yi bisimilla a karkace, ya ɗora hannun hagu mai allurar, a hankali. Na daman kuwa sai da ta ɗago masa shi, ta buɗe yatsun da suka dunƙule, ta kifa tafin a kan dutsen ta ja, yadda ta saba yi a kan mai sulɓi. Sannan ta ɗaga hannun ta shafa masa a fuska, daga goshi zuwa haɓa.

Wani jan layi ya bi hannun, daga gefen ido har cikin furfurar gemu.

"Inna lillahi!" in ji Yahanasu. Ta juya hannun. Ɓallallen gefen dutsen ya tsaga fatar gindin babban yatsa, fatar da ciwo da kwanciya suka mayar kamar takarda. Jini na fita a hankali yana gangarawa cikin hannun riga.

Lado ya dube ta, ya dubi Sada. "Mi... mi ne ne?" ya ce. Bai ji komai ba. Yana zaune da jininsa a fuska yana tambaya mene ne, yana jiran a ci gaba da taimama kada salla ta wuce shi.

Sada bai san lokacin da ya bar jikin bango ba. Ya fizge jan dutsen daga cinyar ya wurga shi ƙarƙashin taga, ya damƙi hannun ya danne ciwon da babban yatsansa. Hannun sanyi ƙalau, ba nauyi, kuma bai damƙe nasa ba. Wannan hannun ne ya koya masa riƙon fartanya, shi ne kuma ya sha kai masa rankwashi. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, kunyar kuma ta juye ta zama sabon fushi, don bai san inda zai kai ta ba.

"Ke ba ki gani ne?" ya daka wa Yahanasu tsawa. "Ja ake yi? Ɗorawa ake yi! Kira nas mana, kin tsaya kina kallona!"

Nas ta zo da auduga da filasta ta wanke ta rufe, tana tambayar garin yaya. Da ta tafi, Sada ya fita bakin famfo, ya roƙi toka wurin wata mai jinya da ke hura gawayi, ya tsuguna ya yi ta cuɗa baƙin dutsen yana ɗaurayewa, yana cuɗawa yana ɗaurayewa, yana zagin man zafi da wanda ya ƙirƙiro shi. Ya shanya shi a rana har ya bushe. Ya jiƙa gefen rawanin da ke kafaɗarsa ya koma ciki.

Shi ya goge jinin daga fuskar Lado, ba da wani lallashi ba. Shi ya ɗora dutsen a cinyarsa, ya kama mataccen hannun ya kifa a kai, ya ɗaga, ya shafa masa. Lado ya yi sallarsa a jingine, da ido da ɗan sunkuyar da kai. Sada na tsaye yana huci har ya sallame.

"Ni abin da ban gane ba," in ji Sada, ya juya kan Yahanasu, "duk faɗin garin ga, a rasa dutsen taimama? Masallacin can ba su da shi? Sai kin bar marar lafiya kin hau mota kin je kin haɗa ni faɗa da matata?"

Yahanasu ta dubi mijinta. Lado ya mayar da idonsa kan silin.

"Faɗa mashi zan yi, Malam," ta ce. "Na gaji." Ta sunkuya ta ɗaga gefen zanin gado. "Duba nan."

Sada ya leƙa. Can ƙarƙashin gadon, bayan tasa da silifa, ga wani farin dutsen rafi, mulmulalle, mai santsi, irin wanda ake ajiyewa a masallatai.

"Tun ranar da aka kwantar da mu liman ya aiko da shi. Da shi yake yi. Ranar nan ya tashe ni ya ce in tura shi ƙarƙashin gado, in je Dutsin-Ma in ɗauko baƙin da ke cikin akwatinka. Ya ce in daidaici lokacin da kake wurin aiki. Na ce Malam wannan neman fitina ne, ya ce in je dai."

Sada ya ɗago a hankali ya dubi wansa.

"Na aika... Munzali," in ji Lado, yana jan kowace kalma kamar guga daga rijiya mai zurfi. Munzali babban ɗansa ne. "Ba ka zo ba. Na aika... liman. Ba ka zo ba." Ya numfasa, yawu ya gangaro ta gefen da ya karkace. "Dutse... ka zo."

"Wato tarko ka ɗana mani!" in ji Sada. "Kamar gafiya! Kana kwance ba ka iya juya kanka, amma kana iya juya ni daga Kurfi har Dutsin-Ma! Ka sa na zagi matata, ka sa an yi mani dariya a mota, ka sa na..." Ya dubi filastar da ke hannun, maganar ta maƙale. "Kalma ɗaya ce fa, Lado. Kalma ɗaya za ka aiko da ita, da a ƙafa zan zo. Ko yanzu ba ka faɗe ta ba."

Ya tsaya yana jira. Yahanasu ma ta tsaya. Har mai naɗaɗɗiyar ƙafar nan ya kasa kunne.

Lado ya motsa leɓe, ya sake motsawa. Idonsa mai ran ya ciko da ruwa, ya kawar da shi gefen taga. Kalmar ba ta fito ba, kuma Sada ya san wansa: ko bakin nan lafiyarsa ƙalau, ba za ta fito ba. A haka aka haife shi, a haka zai koma.

Baƙin dutsen na hannun Sada. Ga farin can ƙarƙashin gado, ba wanda zai ce ya hana marar lafiya salla. Ƙofa a buɗe take, kuma in ya hanzarta zai samu Audi bai cika ba. Ya juya dutsen a tafinsa, ya shafa fuskarsa da yatsa. Har yanzu akwai ɗan maiƙo a gefe guda, sai an sake bin sa da toka.

Ya ajiye shi kan durowar, ya ture filas can nesa da shi. Ya jawo bencin masu jinya da ƙafa, ya zauna daram.

"Daga yau kar wanda ya sake taɓa shi," ya ce wa Yahanasu, fuskar nan a murtuke. "Ke da man zafinki ku tsaya can. In lokacin salla ya yi ni zan miƙa mashi, ni zan ɗauke."

"To," ta ce. Ta ɗauki buta ta fita da sauri, tana jan mayafi kan fuskarta.

Suka zauna, wa da ƙani, kowa na kallon wani wuri daban. Can Lado ya yi gyaran murya, 'yar ragowar wadda ake ji a bayan gida.

"Kuku."

"Mi ne ne kuma?"

"Gyara mani... filo."

Sada ya ja tsaki mai tsawo, har na gadon kusa ya buɗe ido. Sannan ya tashi ya tallafo kan wansa da hannu ɗaya, ya gyara filon.